Waƙata a Bakin Mma Azumi

Tun da na dawo daga Kumasi matan zumuntarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce Rahila yaya Ghana, waccan ta ce wai da gaske ne suna ajiye gawa wata uku kafin su binne, wata kuma ba ruwanta da labari, tsarabarta take nema. Na ba su labarin hanya da na abinci har bakina ya gaji, amma akwai wurin da nake tsallakewa kullum. Masu lura a cikinsu sun gane, don sun ga na yi makonni ban ɗauko waƙar nan tawa a sujada ba. To yau zan rubuta shi duka, kowa ta karanta ta ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni Bahaushiya ce, Kirista, haihuwar wani ƙauye a kudancin Katsina, aure ya kawo ni Zariya. Ɗinki ne sana'ata, amma abin da aka san ni da shi waƙa ce guda ɗaya. Na yi wasu sun fi ashirin, ba wadda ta wuce ƙofar cocinmu. Ita wannan ɗayar kuwa ta yi ƙafa. Wata rana da hantsi ina wanki ta zo mini, shekara goma sha ɗaya ke nan, da muryarta cikakkiya daga farko har ƙarshe. Kalmomin ne kawai na zauna na nema, na yi su a kan Ubangiji da ya ƙera mutum da hannunsa ya kuma san shi ciki da waje. Na sha tsayawa gaban jama'a ina ba da shaida cewa Ruhu Mai Tsarki ne ya ba ni. Gaskiyata nake faɗa, amma ba zan ɓoye muku ba, kaina yakan ɗan kumbura in ina faɗa. In aka cire waƙar nan, ni telar unguwa ce kawai mai yawan saɓa alkawari.

Wani ya naɗe ta a waya, ta yi ta bin wayoyi har ta tsallake ƙasa uku. Can a Kumasi, a unguwar Krofrom, akwai wani ƙaramin coci na mutanen arewacin Ghana, ƙabila-ƙabila ne, Hausa ce kawai ke haɗa su. Matansu suka ce a taronsu na shekara sai mai waƙar ta zo da kanta ta rera. Maigidana ya ce in dai tare da Mama Saratu ne, shugabar zumuntarmu, ya yarda. Ita kuwa Mama tun kafin a tambaye ta ta gama ɗaure kaya.

Daga Zariya zuwa Legas ba ni da abin faɗa sai ciwon baya. A Legas muka shiga motar Ghana, irin mai sanyin nan da ba a buɗe taga, nan Mama ta fara ba ni kunya. An gaya mata wai mutanen Ghana komai nasu tsami ne, don haka ta ɗauko daddawa ƙulli guda da kuka da yaji, ta kuma ƙi yarda a sa jakar a but. Kafin mu kai iyaka motar nan gaba ɗaya ta koma tukunyar miya. Wata mata mai dogon gashin kanti ta yi ta fesa turare tana hararar wani bawan Allah da ke gefenta, shi kuma bai san laifin da ya yi ba. Mama ta rufe ido tana waƙar yabo ƙasa-ƙasa.

Iyaka uku ake ƙetarewa, kowace sai an sauka an yi layi da fasfo da katin allura. A ta farko katin Mama ya ɓace. Ta zazzage jaka a tsakiyar rana, ta kwance ɗankwali, har ta fara zargin matar turare, daga baya aka same shi a cikin littafin waƙoƙinta inda ta ɓoye shi don kada ya ɓace. A Lome hanya ta bi bakin teku, na manna fuska a gilashi ina kallo. Mama ta ƙi juyowa, ta ce ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba abin kallo ba ne.

A iyakar Ghana wani ma'aikaci ya ji muna Hausa sai ya washe baki, ya ce sannu da zuwa Hajiya. Ashe ɗan Zango ne, unguwar Hausawa ta can. Yana miƙo mini fasfo idonsa ya faɗa kan gicciyen wuyana. Ya dubi sunana, ya dube ni, ya tambaya ko aure ne ya kai ni coci. Na ce a ciki aka haife ni. Sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, kamar an kawo kaza mai ƙafa uku. Ban ji haushi ba, na saba. A gida ma wasu maƙwabta Musulmi cewa suke ai ku ba Hausawan gaske ba ne, wasu Kiristocin kudu kuma su ce ai ku Hausawa ne, a yi hattara da ku. Shi ya sa nake riƙe da waƙar nan hannu bibbiyu. A cikinta ne kaɗai Hausata da bangaskiyata suke zama wuri ɗaya ba mai hararar wani.

Mun kwana a Accra, washegari Alhamis muka kama hanyar Kumasi. A wannan hanya ce jikina ya fara yin wani iri. Ko'ina fuskokin matattu ne. Duk garin da muka shiga, a bango, a jikin bishiya, a turken lantarki, manyan hotuna ne na waɗanda suka rasu, sun sha ado suna murmushi, ga ranar jana'iza a rubuce a ƙasa. Wasu rana ta cinye su saura idanu. Mu a gida, ko mu Kiristoci, in mutum ya rasu kwana kaɗan ne an kai shi makwancinsa an koma gona. Su kuwa mamaci sai ya yi watanni a firji yana jiran dangi su shirya, yana kuma kallonka daga bango. Tsakanin mai burodi da mai faci sai ka ga shagon akwatin gawa, an jera su a waje kamar gadajen sayarwa.

Fasto Atinga, mai cocin da ya gayyace mu, ya ce mu jira shi a tashar Race Course. Ina tsaye cikin hayaniyar motoci na ɗaga kai, na hango wasu manyan bishiyoyi sun yi baƙaƙen 'ya'ya har rassa sun sunkuya. Sai ɗaya ya motsa. Ashe jemagu ne, da rana tsaka, suna ta ƙara, mutane na cinikinsu ba mai ko ɗaga ido. Ina cikin wannan kallo Fasto ya iso, gajeren mutum, ɗan ƙabilar Farafara, da tsaga guda a kumatu. Hausarsa ba ta san mace ba.

"Kai ne Rahila? Mun gode Allah paa. Mama, kai ma sannu da hanya."

Mama ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa don kada dariya ta ƙwace mini.

Cocin ya cika da baƙi, don haka aka sauke mu a Zango, gidan wata Hajiya Memuna mai sayar da atamfa. Ɗaya daga matan cocin ce ke haya a gidanta, da Hajiya ta ji Hausawa ne za su zo daga gida ta ce ba za su kwana a benci tana da rai ba. Gida take cewa, alhali ba ta taɓa taka Najeriya ba, kakanninta ne suka zo da ƙafa tare da fataken goro. Tsohon gida ne mai hawa ɗaya, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, famfo guda, haya cike. Hajiya in ta fara magana da Hausa sai ta ratsa ta harshen Asante ta fito ta Turanci, amma karamcinta irin na gida ne ba gauraye. Ta ga gicciyena ta ce kowa da hanyarsa, ta tambaya ko muna cin naman yanka.

Mama da ta zo da guzurin yaƙi ita ta fi kowa ci. Da safe koko da ƙosai kamar a Tudun Wada. Da rana shinkafa da wake da suke kira waace, a ganye, an ɗora taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai ɗan karen daɗi. Dokunu, wani tuwon masara da ake naɗewa a ganye, shi ne kawai ya gagare ni, tsaminsa har kunne. Daddawar da ta addabi mota ƙasa huɗu kuwa, Hajiya aka ba tsaraba, ta rungume ta kamar an ba ta zinariya.

A kusurwar gidan akwai wani ɗaki mai ƙaramar ƙofa, nan mahaifiyar Hajiya take, Mma Azumi. Ta tsufa tukuf, idanunta sun yi fari, wuni take a bakin ƙofa da carbi. Da muka durƙusa gaishe ta na yi mamaki, don Hausarta ba gauraye ko kaɗan, irin ta tsofaffin ƙauyenmu ce sak.

Ranar Juma'a da safe na je Krofrom gwaji da matan zumunta. Sun iya waƙar, har rawa suka ƙara mata, amma sun ɓata mini wuri ɗaya. A tsakiyar waƙar, bayan layi na uku, murya takan hau sama sai a yanke, kowa ya yi shiru, har masu tulu da caki, tsawon dogon numfashi guda, sannan a ƙarasa. Ban san dalili ba, haka ta zo mini, ban kuma taɓa yarda a taɓa wurin ba. Su kuwa tsallake shi suke yi a guje. Na tsayar da su ya fi sau goma, na yi faɗa kamar cocin ubana ne, sai da bayin Allah suka yi gumi suka iya.

Da azahar na koma Zango. Maza sun tafi masallaci, Mama ta bi Hajiya kasuwa duba atamfa, an yi ruwa an ɗauke, gidan ya yi tsit sai ɗigar indararo. Ina ɗaki ina goge kayan zumunta sai na ji ana rera waƙata. Na ɗauka waya ce. Na saurara, na ji murya ce ta tsohuwa, a hankali, ba kiɗa. Abin da na fara ji daɗi ne, Allah ya yafe mini, na ce har tsohuwa Musulma ta kama. Sai na tuna ban taɓa rera ta a gidan nan ba. Na ajiye dutsen guga na fito.

Mma Azumi ce. Ta naɗe wani tsohon zani ta ɗora a cinya tana bubbuga shi. Muryar waƙar tawa ce, ba kama ba, ita ce, kowane hawa da kowace sauka. Kalmomin ne ba nawa ba.

Baƙo, sauke kayanka,
Gidan nan da wuta, gidan nan da ruwa,
Masu kiranka a bayan gari,

Nan ta yanke, daidai inda nake yankewa. Ta sunkuyar da kai ta kara kunne a jikin zanin. Ta daɗe a haka, sannan ta ɗago ta ƙarasa.

Ba su da nono, ba su da goyo.

"Wace ce ke tsaye tana tare mini iska?" ta ce.

Na ce ni ce, Mma, baƙuwarsu. Na durƙusa na tambaye ta inda ta ji waƙar nan, don tawa ce, ni na yi ta. Ta yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya ce shi ya gina gidansu. Ta ce in rera ta ji. Na rera da kalmomina. Da na zo wurin shirun sai na ji ta cafke wuyan hannuna, hannunta sanyi ƙalau, ba ta sake ni ba sai da na gama.

Ta ce waƙar wabi ce. Na san kalmar, kowa ya san ta: matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna jarirai. Mutanen da suna cewa yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa, 'yan'uwansa na can suna kiransa. Ta ce uwarta ce ta taho da waƙar daga ƙasar Katsina. Ba a rera ta a tsakar gida, ba a rera ta a biki, ba a koya wa budurwa. Sai mace ta binne biyu, sannan tsohuwa ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa ta koya mata. Ita ta binne biyar kafin Memuna ta zauna. Daga baya malamai suka ce ba kyau, ta tuba ta bari, amma yanzu da tsufa ya zo, in gida ya yi shiru sai ta ji bakinta yana yi da kansa.

Na tambaye ta dalilin shirun nan na tsakiya. Da na sani ban tambaya ba.

"A nan ake kasa kunne," ta ce. "In kin ji numfashi, ki ƙarasa. In ba ki ji ba, waƙa ta ƙare ke nan."

Ta miƙo hannu ta lalubi fuskata, ta bi kunnuwana ɗaya bayan ɗaya tana neman tsagar da ake yi wa irin waɗannan yara. Ba ta samu ba. Ta tambaya nawa suka riga ni. Na ce ba kowa, ni ce 'yar fari a wurin Innata.

"Ke ce ta fari da ta zauna," ta ce, ta koma kan carbinta.

Ban san yadda na koma ɗaki ba. Tsoro na ji, tsoro na gaske, ga kunya a kansa. Shekara goma sha ɗaya ina tsayawa gaban bagadi ina cewa daga sama aka ba ni, ashe waƙar da ake lallashin iskoki da ita ce na ɗinka wa sabuwar riga. Ko dai ni ɓarauniya ce ban sani ba, ko kuma wani ne ke waƙa da bakina. Na san abin da aka koya mana, na kuma gaskata: sau ɗaya ake yin mutum, Ubangiji ba ya maimaita kowa. Amma fatar jiki ba ta zuwa ajin baftisma. Na dubi hannuwana da ke riƙe da kayan zumunta na rasa ko na wa ne.

Da Mama ta dawo na gaya mata. Ta ce in rufe bakina, in rera ranar Lahadi, mu koma gida da mutuncinmu. Can ta sake tunani ta ɗora mini hannu ta yi addu'a mai tsawo. Bayan ta ce amin na ga ta ɗan ja katifarta can gefe, wai nan ya fi iska.

Asabar ranar jana'iza ce a Kumasi. Ko ta ina ka bi an kafa rumfuna an tare hanya, jama'a cikin baƙi da ja, kiɗa na tashi, ana rawa gaban hoton mamaci. Ta cikin wannan na ratsa na je neman Fasto. Ban san sana'arsa ba sai ranar. Kafinta ne, benci yake yi da akwatin gawa. Ya share mini kan wani akwatin da ba a gama ba ya ce in zauna, na ce na gode, tsayuwa ta fi mini.

Ya saurare ni yana goge katako. Da na gama ya nuna tsagar kumatunsa, ya ce shi ma uku suka riga shi, shi ya sa aka yi masa ita, kuma Asantawa ma suna da irin wannan, sukan ba yaron mummunan suna don masu kira su raina shi.

"Uwa yana kuka yaro kar ya mutu," ya ce, "ko bai san sunan wanda yake roƙo ba, wa kake tsammani yana ji? Mai ji guda ne. Kai rera abinka."

Maganarsa ta yi kyau, na kuma yi godiya, amma ba ta kai inda ke yi mini ciwo ba. Ni ba halacci kaɗai nake tambaya ba. So nake in san ta ina waƙar da ake rufe ƙofa a rera ta shigo bakina.

Ranar Lahadi cocin ya cika har waje. Aka kira sunana da kirari, aka ba ni makirufo. Na buɗe baki, waƙar ta ƙi fita. Sai na ɗauko wata daga cikin ashirin ɗin nan da ba wanda ya sani. Matan suka bi ni da ladabi, suna duban juna. Ina gamawa wata dattijuwa daga baya ta ɗaga waƙar nan tawa da kanta, coci gaba ɗaya ya amsa, tulu da caki suka shiga. Ni ina tsaye kamar an dasa ni.

Suka zo layi na uku, murya ta hau, suka yanke, daidai yadda na hore su. Duk mutanen nan suka riƙe numfashi lokaci ɗaya. Sai na samu kaina na karkata kai ina kasa kunne. Babu numfashi ko ɗaya a ɗakin. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba, na ji kamar ba za a ƙarasa ba har abada. Ni ce na fara jan iska, da ƙarfi, makirufo ya ɗauka ya watsa, suka faɗa layin ƙarshe da murna. Bayan sujada mata suka yi ta rungume ni, wai sun ga yadda Ruhu ya sauko mini har na kasa waƙa. Ban gyara musu ba.

Da za mu taso ranar Litinin na je sallama da Mma Azumi. Ta sa mini albarka irin tasu na amsa da amin irin tamu. Ta ce in tambayi uwata tun tana da bakin faɗa. Hanyar dawowa ba na tuna komai a cikinta, sai dai Mama ta sayi dokunu ta cika jaka, aka sake fesa mana turare.

Na yi mako biyar ina jan ƙafa kafin na je ƙauye. Babanmu ya daɗe da rasuwa, Inna ce kaɗai a gidan da jikoki. Na same ta da hantsi a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na ba ta atamfarta, na ba ta labarin teku da jemagu ta yi dariya. Sannan na zauna kusa da ita na rera mata layin farko da kalmomin Mma Azumi. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta tambaya wa ya ba ni waɗannan kalmomi, na gaya mata komai.

"Huɗu ne," ta ce. "Biyu maza, biyu mata. A tsohon gida, kafin mu taso nan."

Na yi kuka, amma a ƙarƙashin kukan wani sauƙi na ji. Na ce to shi ke nan, Inna, a bayanki na ji ta ina goye, ta kwanta a kaina har ta tashi. Ta girgiza kai.

"Ba daga bakina ba. Da na samu cikinki mun riga mun shiga coci. Na ce da Ubangiji, wannan ba zan roƙe ta ta zauna ba, in ka ga dama ka bar mini ita. Ban taɓa rera miki ba, ko sau ɗaya. Kakarki da ta koya mini ta rasu kina ciki. A garin nan ba wadda ta san ta sai ni."

Rana na dukan bayana amma sanyi na ji. Na ce to wa ya koya mini. Ta ce tambayar da take yi ke nan tun ranar da na zo gida na miƙe a cocin ƙauye na ɗauko ta, ranar sai da ta riƙe benci don kada ta faɗi. Na ce shekara goma sha ɗaya, Inna, me ya hana ki gaya mini?

"Tsoro nake ji ki daina," ta ce. "Su huɗun nan, kowanne akwai ranar da na tsaya a tsakiya ban ƙarasa ba. Ke kuwa kullum sai kin kai ta ƙarshe."

Har yau ban san ta inda ta shigo ba, kuma in na tuna tsigar jikina takan tashi. Na daina cewa ni na yi ta. Ban daina cewa Ubangiji ne ya ba ni ba, sai dai yanzu na san ba don a san sunana a Ghana ya ba ni ba.

Inna ta share ido da bakin zani, ta turo ƙwaryar gyaɗa tsakaninmu, ta ce in rera mata, da kalmomina, ba na da ba. Na rera. Na kai ta ƙarshe.